Tarihin Katsina Laka Yana Bakin Dattawanmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Bayan da aka mayar da darasin tarihi cikin manhajar firamare, wani ɗalibina na aji biyar ya tambaye ni dalilin da ya sa ake kiran hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa. Littafin da ke hannuna bai ce komai ba. Wani tsoho ne ya warware mini, ya ce sarautar ta samo sunanta daga tsohon garin Pauwa. Wannan ne ya sa na nemi sanin inda ake ajiye irin wannan ilimi.

Ashe wuraren ba su da nisa da mu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi, ya ɗora nazarin al'ummomin Afirka a kan rubuce-rubucenmu na Larabci da ajami da kuma abin da aka ji daga bakin magabata. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna, domin adana takardun tarihi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kuwa garuruwan ƙasar Katsina ya bi yana zama gaban dattawa, kafin ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Yau ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-Ma.

To amma masu bincike ba sa iya shiga ƙauyukanmu kamar da. 'Yan bindiga sun tarwatsa garuruwa, kuma ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020 ba. Tsofaffin da suka san asalin Birnin Kogo, da hanyoyin fatake, da yadda maƙera da marina suka zauna, suna gudun hijira a zaurukan 'yan'uwa. Duk wanda ya rasu cikinsu ya tafi da abin da ya sani.

Mu ne muke zaune tare da su. Roƙona shi ne kowane malami ya nemi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya kafin ƙarshen zangon nan, ya nemi izininsu, ya naɗi hirar a wayarsa, ya rubuta suna da gari da kwanan wata. Reshe ya tattara, ya ajiye kwafi domin azuzuwanmu, ya miƙa sauran ga sassan tarihi na jami'o'in nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da kowa garinsu.