Irin da Ke Kwance Cikin Laka: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Idan rani ya tsananta a ƙasar Baure, tabkuna da fadamu sukan ƙafe, laka ta tsattsage, mai wucewa ya zaci ba sauran rai a wurin. Alhali kuwa wannan laka rumbu ce. A cikinta akwai 'ya'yan bado da na ciyayin da ke rayuwa nutse a ƙarƙashin ruwa, suna kwance kamar yadda gaiwa ke kwanciya tana jiran damina. Irin yakan yi shekaru bai mutu ba. A ƙasar Sin an tono ƙwayar wani fure mai kama da bado wadda ta haura shekara 1,000, aka jiƙa ta, ta tsiro.

Amma ruwa kaɗai ba ya isarsa, sai da haske. Ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa da hasken rana take yin abincinta, kamar gero. In shanu sun dama tabki, ko zaizaya ta kwararo da jar ƙasa daga gonaki, ruwan sai ya gurɓace, hasken ya tsaya a sama. Ƙasar da ta kwanta kuma takan binne irin da zurfi har ya kasa fitowa. Kainuwa ma, in ta rufe fuskar ruwa, abin da ke ƙasanta ya shiga duhu ke nan.

Hasarar ba ƙarama ba ce. A cikin waɗannan ciyayi 'ya'yan karfasa ke ɓuya su girma, nan kirinjijiya ke kiwo, bado kuwa tsofaffi sun san ranarsa a shekarar yunwa. Abin da ya faru a fadamun Haɗejiya da Nguru ya isa misali. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wurare da dama sun daina bushewa da rani, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka sha wuya.

Saboda haka ya kamata hakimi ya umurci dagatai su keɓe mashayar dabbobi gefe ɗaya, masu ɗibar laka don tubali kuma a yanka musu wuri, kada su kankare gindin tabki duka. Gefen da mutane ke wanka da ɗiban ruwa dai a riƙa share shi, gama dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya yana son ciyawa.

Malamin hakimi yana iya auna haske ba da wahala ba. Ya ɗaura farin faranti da igiya, ya zura a ruwa da tsakar rana, ya rubuta zurfin da ya ɓace wa ido, da sunan tabkin da kwanan wata. Da wuya ciyawa ta rayu nesa ƙasa da wannan zurfi. In awon yana raguwa kowace shekara, sai a sanar da ma'aikatan gona.