Jawabin Shugaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha a Bikin Ƙaddamar da Horon Malaman Firamare



Mai girma Gwamna, wanda Kwamishinan Ilimi ya wakilta, Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, hakimai da dagatai, wakilan UBEC da NTI da TRCN, shugabannin ƙungiyar malamai ta NUT, sakatarorin ilimi, iyayenmu mata, 'yan jarida, malamai masu albarka.

Cikin ikon Allah an gyara ajujuwa, an raba benci da littattafai, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an saki ƙarin girman da ya daɗe a maƙale. Yau kuma mun zo kan malamin da zai tsaya gaban allo. Tun 1976 aka kafa cibiyar horon malamai ta NTI a Kaduna saboda wannan aiki, kuma dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin bai-ɗaya, wanda horon malamai ke da nasa kaso a ciki. Mun ga yadda shirin Mu Karanta ya taimaki yara a Bauchi da Sakkwato wajen karatu da Hausa. A kan wannan za mu ɗora: horo a dogon hutu, taron makarantu maƙwabta kowane zango, sannan jami'inmu ya zauna bayan aji ya kalli darasi.



Sakatarorin ilimi, maganar jerin sunayen masu zuwa horo. Fuskoki ɗaya muke gani a kowace bita: ɗan'uwan wane, matar wane, har da wanda ya bar aji ya koma ofis. A sa hannu, a karɓi kuɗin zama, kafin azahar an watse. Malamar da ke ƙauye, ita kaɗai da 'yan aji ɗaya maƙil, wasu a kan buhu, allonta ya koɗe, ba ta taɓa jin an kira sunanta ba. Haƙƙinta ne aka ci, kuma Allah zai tambaye mu. Bana hedimasta ne zai kawo suna, mu duba shi da rajistar makaranta, kuɗi kuma ta asusun banki, bayan an kammala. Duk sakataren da ya cusa suna, da hannuna zan rubuta masa takardar tuhuma. Mai martaba, ranka ya daɗe, muna roƙon hakimai su sa mana ido.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan shiri. Malamai, ku zo da littafin tsara darasi, ku zo a kan lokaci. Allah ya maida kowa gida lafiya.