Kwamfutar Ofis Da Darasin Kwana Tara

Jawabin da Kwamitin Ajiya ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya



Muna farawa da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a nan cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Mai martaba Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah Ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan uwanmu masu gida da dillalai da fatake, da samarinmu da ke zaune can baya, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, an umurce mu, mu 'yan Kwamitin Ajiya, da mu yi wa jama'a bayanin abin da ya sami kwamfutar ofis, wadda ta yi kwana tara ba ta aiki a watan jiya. Mu dai 'yan kasuwa ne, ba injiniyoyi ba. Abin da za mu faɗa, wani wuya ce ta koya mana, wani kuma 'ya'yanmu masu ilmin abin ne suka zaunar da mu suka fahimtar da mu.

Da farko mu tuna yadda aka yi ta zo. A shekarar 2021 muka yanke shawarar daina dogara ga littattafan takarda kaɗai, bayan ruwan sama ya lalata mana guda biyu. Wani ɗanmu ya ɗauki tsohuwar kwamfuta ya sa mata babbar manhaja mai suna Ubuntu, fitowar Afrilun 2020, ya ɗora mata wata manhajar mai suna Nextcloud, ya ajiye ta a ƙuryar ofis. Irin wannan kwamfuta ita masana ke kira uwar garke, wato wadda ke zaune wuri guda, wayoyi da sauran kwamfutoci suna zuwa gare ta su ɗebi bayani ko su ajiye. A cikinta akwai rajistar 'yan ƙungiya, da lissafin kuɗin wata, da na adashi, da takardun filin makaranta, da kuma littafin lamuni na goro, inda ake rubuta wane ya ɗauki huhu kaza a hannun wane, zai biya ranar kaza. Mun zaɓi mu riƙe ta da kanmu ne don kada sirrin jama'a ya zauna a hannun wani kamfani. Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, wanda ya ce zai riƙe kayansa da kansa, to, gadin ma ya hau kansa.

Yaron da ya haɗa ta ya sami aiki a Arewa ya koma. Tun daga ranar ba wanda ya sake taɓa ta, sai dai a share mata ƙura. Tana aiki, mu kuwa muka ce abin da bai lalace ba me za a gyara masa? Ana nan sai wayoyin wasunmu suka fara ƙin haɗuwa da ita, saboda manhajar wayar tana sabunta kanta, ta ofis kuwa tana nan yadda aka bar ta. Da aka kira wani ɗan namu ya duba, sai ya tarar an bar ta baya da nisa. Muka matsa masa lamba ya gyara a ranar. Ya ce a fara kwafe bayanan tukuna, muka ce babu lokaci, ga motar goro za ta tashi jibi. Yana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, batirin da muke da shi kuwa ya daɗe da mutuwa ba mu sani ba. Da wuta ta dawo kwamfuta ta ƙi tashi.

Kowa a nan ya san abin da ya biyo baya. A cikin kwana taran nan 'yan uwa biyu da suka shekara ashirin suna ciniki tare suka yi saɓani a kan huhu shida, wannan ya ce an biya, wancan ya ce saura. Sai da magana ta kai gaban dattawa. Allah Ya taimake mu faifan ajiya bai lalace ba, aka ciro bayanan, aka ga gaskiyar lissafi, aka sasanta. Laifin nan ba na yaron ba ne, ba kuma na waɗanda suka yi manhajar ba ne. Namu ne, mu 'yan kwamiti, kuma muna neman afuwar jama'a.

To, mene ne wannan sabuntawa da ake ta magana? Manhaja mutane ne suka rubuta ta, aikin ɗan Adam kuwa ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren yakan zama kafa da ɓarawo zai bi ya shiga daga ko'ina a duniya, muddin kwamfutar tana haɗe da intanet. Idan an gano kafar, masu manhajar sukan fitar da faci a toshe. Amma a lura, ranar da aka fitar da facin, ranar ce kuma masu kutse ke sanin inda kafar take. Suna da na'urori masu bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, suna lalube. Ba ruwansu da ko kai babban banki ne ko ƙaramin ofis a Sabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa tsagar kawai suke nema.

Kada a ce tsoratarwa ce, ga abin da ya faru ga waɗanda suka fi mu ƙarfi. Ranar 14 ga Maris 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata kafa a Windows. Mutane da yawa ba su sa ba. Ranar 12 ga Mayu na wannan shekara wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta kafar nan ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Takan kulle bayanan mutum ta nemi kuɗin fansa, dala 300. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka dinga mayar da marasa lafiya gida. Magani ya yi wata biyu a ajiye ba a sha ba.

Na biyun ya fi kama da namu, don a gida ya faru. A 2022 aka yi wa kamfanin LastPass kutse, kamfanin da sana'arsa ita ce ajiye wa mutane kalmomin sirri. Ɓarayin ba ta ofis suka bi ba. Wani babban injiniyan kamfanin yana da manhajar Plex a kwamfutarsa ta gida, ta ajiye finafinai. Masu Plex sun toshe kafar tun watan Mayun 2020, shi bai sabunta ba. Ta nan aka shiga, aka dasa abin da ke naɗar duk abin da ya buga, aka sami kalmar sirrinsa, aka kwashi ajiyar abokan cinikin kamfanin. Jama'a, idan injiniya zai yi wannan sakaci, ina ga mu?

Akwai kuma abin da ba mu sani ba sai yanzu, wato manhaja tana da wa'adi. Ubuntu yana fitar da nau'i mai dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana kula da kowanne shekara biyar. Namu na 2020 wa'adinsa ya ƙare a watan Mayun 2025. Akwai tsarin ƙarin wa'adi, amma sai an yi rajista, mu kuwa ba mu yi ba. Ma'ana tun lokacin ƙofarmu ba mai yi mata faci. Na 2022 zai kai 2027, na 2024 kuma 2029. Sannan ba a tsallake: daga na 2020 sai an bi ta na 2022 kafin a kai na 2024. Haka ma Nextcloud, mataki-mataki ake hawa, ba a ƙetare ko guda. Shi ya sa aikin da ya kamata ya zama na minti talatin a wata ya taru ya zame mana na kwanaki. 'Yan uwa masu kwamfuta a shago su ma su duba tasu, domin Microsoft ya daina fitar da facin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi.

Amma kada wani ya tashi daga nan ya ce duk sabon abin da ya fito a danna kawai. Gaggawa ma tana da nata sharrin, mu shaida ne. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Ke nan barin abin haɗari ne, yin sa ba shiri ma haɗari ne. Mu 'yan goro mun san wannan. Wanda ya ɗaure huhu ya manta da shi, sankara za ta cinye masa. Wanda kuma ya buɗe shi a rana tsaka ba ganye a hannu, shi ma ya ɓata kayansa. Ana buɗewa ne a kan lokaci, a tsince, a sake ganye, a mayar.

Saboda haka ga tsarin da kwamiti ya tsayar, muna roƙon taro ya amince da shi.

Na ɗaya, sabuntawa iri biyu ce, kuma za a raba su. Ƙananan facin tsaro za a bar kwamfutar ta riƙa ɗaukarsu da kanta kullum, ta wata manhaja da ke cikin Ubuntu mai suna unattended-upgrades. Manyan sauye-sauye kuwa, kamar hawa sabon nau'i, ba za a bar wa na'ura ba. Sai mutum ya zauna, ya karanta bayanin da masu manhajar suka fitar, an kuma bar sabon nau'in ya ɗan kwana biyu a hannun jama'a.

Na biyu, an sa rana: Lahadin farko ta kowane wata, bayan sallar Azahar, lokacin da ofis ba cunkoso. A ranar za a duba abin da ya rage a sa, a kashe kwamfutar a kunna, domin wani facin ba ya kama aiki sai an yi haka. Ba za a taɓa ta ana jibi mota za ta tashi ba, ko ana gab da rabon adashi.

Na uku, ba za a fara komai ba sai an kwafe bayanai. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam. Namu na ukun zai zauna a gidan ma'aji, a cire yake, ba a haɗe da komai ba, yadda ko an kulle na ofis ba za a kai gare shi ba. Duk wata uku kuma za a gwada buɗe shi a gaban mutum biyu, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana nan ba.

Na huɗu, wuta. Ba za a fara aiki ba sai an ga inbata a cike ko janareta a kunne da mai a ciki. Batirin da ya mutu za a sake shi.

Na biyar, ba kwamfutar kaɗai ba ce. Na'urar da ke rarraba intanet a ofis da ta kamarorin tsaro su ma suna da manhaja a ciki, kuma har ranar da aka duba, kalmar sirrin da suka zo da ita daga kanti ce a kansu. An canja. Duk manhajar da ba ma amfani da ita an cire ta, duk ƙofar da aka buɗe wa waje ba da dalili ba an rufe.

Na shida, wanda ya fi duka muhimmanci, a sa wa aikin suna. Mun roƙi samari biyu su riƙe shi, ba ɗaya ba, da ɗan alawus a wata. Za a ajiye littafi kusa da kwamfutar, duk wanda ya taɓa ta ya rubuta kwanan wata da abin da ya yi. A shafin farko an rubuta shekarar da wa'adin manhajarmu zai ƙare, don a fara shiri wata shida kafin nan. Kalmomin sirri kuma suna cikin ambulan a rufe wurin shugaba. In ɗaya ya koma gida, ko ya yi tafiya, ko ta Allah ta kasance, aiki ba zai tsaya ba. Littafin lamuni na takarda ma ba za a jefar da shi ba, za a ci gaba da rubutawa ana sa hannu.

Iyayenmu da 'yan uwa, tun muna Islamiyya malamanmu suka koya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In an umurce mu da rubutawa, ai kiyaye rubutun ma yana wuyanmu. Abin da ke cikin kwamfutar nan haƙƙin mutane ne, har da na marayu da matan da mazajensu suka rasu suna bin bashi. Mu baƙi ne a ƙasar nan, jarinmu na farko amana ce, da ita kakanninmu suka zauna lafiya da masu gari.

Abin da muke nema a yau biyu ne: a amince da wannan tsari, a kuma yarda a fitar da kuɗin batiri da faifai biyu daga asusu. Ma'aji yana da takardar farashi, duk mai son gani ya same shi bayan taro. Wanda kuma yake da irin wannan kwamfuta a gida ko a shago, ya kawo ta ranar Lahadin farko, samarin za su duba masa.

Kuskuren da muka yi Allah Ya yafe mana, ku ma ku yafe mana. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.