Jawabi A Kan Ƙarfin Tururi Da Injin Mai Fukafukai

Kowa ya san tururi, amma ba kowa ya san iyakar ƙarfinsa ba. In aka tafasa kwano ɗaya na ruwa har ya ƙone ƙaf, tururin da zai fita ya isa ya cika kwano wajen 1,700. To, in aka tsare shi cikin tukunyar ƙarfe, aka hana shi mafita, sai ya yi ta neman hanya da matsi mai tsanani. Wannan matsi shi ne masu hikima suka hore.

Ku dubi zugazugin maƙeri. Iska ta kan fita da sauri don bakinsa tsukakke ne. Haka a ke yi wa tururi: a kan kora shi cikin bututu mai tsukakken maƙogwaro, matsinsa ya ragu, gudunsa ya ƙaru. Amma a maƙogwaron nan ba ya wuce saurin sauti cikinsa. A 1888 wani mutumin Suwidin, Gustaf de Laval, ya ƙago bututu mai sake buɗewa bayan maƙogwaron. Nan tururi ya ke samun sarari ya kumbura, zafinsa ya koma gudu, har ya fi sauti sauri. Sa'an nan ya bugi fukafukan da aka jera a bakin faifan ƙarfe, faifan ya juya. Sai dai juyin ya yi yawa, har sau 30,000 a minti, tilas a sa giya ta rage shi.

Charles Parsons na Ingila kuwa, tun 1884 ya bi wata dabara, watau sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya jera fukafukai sahu sahu, sahu guda kafaffe jikin gangar injin, na biye da shi a jikin sandar da ke juyawa. Kafaffun su saita tururi, masu juyawa su karɓi rabonsu, matsi na raguwa kaɗan kaɗan. Don haka fukafukan ƙarshe suka fi tsawo, gama tururi ya riga ya kumbura. A 1897, ranar da aka jera jiragen yaƙi don bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 bisa gado, sai ga ɗan jirginsa, Turbinia, ya keta tsakaninsu da gudun kusan mil 40 a sa'a. Aka bi shi, ba wanda ya cim masa.

Irin injin nan ne aka kafa guda 6 a tashar lantarki ta Egbin, kusa da Ikko, ko wane mai megawat 220.

Amma fa ƙarfi sai da tsaro. In ruwan tukunya ba tatacce ba ne, gishirinsa ya kan daskare a fukafukai. In tururi ya huce ya fara raɓa, ɗigon nan ƙanana su kan ci ƙarfe kamar yashi. In kuwa abin da ke tsare gudun injin ya lalace, injin na iya tarwatsewa, a yi hasarar dukiya da rayuka. Saboda haka mai tsaron ma'aunin zafi da matsi amana ce babba a hannunsa, kada a raina aikinsa. Allah shi ba da ikon riƙe ta, amin.