Dinari Arba'in: Gaskiya da Amana a Rayuwar Muridi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda babu abin da yake ɓoye gare Shi a cikin sammai da ƙassai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa tsarkaka, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, an umarce ni da in yi magana a wannan taro mai albarka na tunawa da Shehunmu, Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, a kan yawaitar laifuffuka da karya doka a tsakanin jama'a. Ina neman afuwar iyayena, domin maganar tana da ɗaci, kuma ni mai faɗarta ina cikin waɗanda take nufi.

Laifin da muke hange

A yau babu majalisar da za a zauna a tashi ba a yi kukan lalacewar zamani ba. Wannan ya ba da labarin ƙwacen waya a bakin titi, wancan ya kawo na 'yan daba, wani kuma na masu garkuwa da mutane a kan hanya ko na ɓarayin shanu a ƙauye. Idan an gama da waɗannan sai a koma kan masu mulki da dukiyar jama'a da ake wawurewa. Duk wannan kuka gaskiya ne, kuma akwai gidaje da yawa a cikin wannan taro da masifar ta taɓa su kai tsaye. Allah Ya jiƙan waɗanda aka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.

Sai dai a duk irin wannan hira, mai laifin kullum wani ne can daban. Ba a taɓa jin ya kasance cikin mazauna majalisar ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, yau ina roƙon mu sunkuyar da kai mu dubi tudun da muke tsaye a kansa.

Laifin da muke takawa

Mu fara da kasuwa. Kowa a cikinmu ya san tiyar da aka buga wa gindi, da mai awon da yake da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Mun san kwandon tumatir da aka jera manya a sama aka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, da buhun hatsin da aka ƙara masa nauyi da tsakuwa, da nonon da aka tsinka da ruwa. Mun san dillalin da zai rantse da Allah a kan farashin da shi kansa ya san ƙarya ne. Daga kasuwa mu shiga wurin sana'a: magini ya rage siminti, tela ya yanki yadi ya ajiye, bakanike ya ɗaura tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo. Ma'aikaci ya sa hannu da safe ya sulale, ƙarshen wata ya karɓi albashi cikakke.

Mu dawo gida. Gidaje nawa ne aka zagaye mita aka jawo wuta ta bayan fage? Iyaye nawa ne suka biya kuɗi don a ba 'ya'yansu amsa a ɗakin jarrabawa, alhali tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta mayar da satar jarrabawa laifin da ake ɗauri a kansa? Mutum nawa ne suka je kotu suka yi rantsuwa a kan shekarun haihuwar da ba nasu ba? Ga mai ture iyakar gona taki ɗaya kowace damina, ga babban wa da ya danne gadon ƙannensa mata da marayu shekara da shekaru yana cewa ana nan za a raba. Ga kuma wanda zai sayi waya a rabin kuɗinta, babu kwali babu rasit, ya ƙi tambayar inda ta fito domin ya riga ya san amsar. Wannan mutum gobe shi ne zai fi kowa tsine wa masu ƙwacen waya, ya manta cewa yaron da ya zare wuƙa saboda ita ya yi haka ne don ya san akwai mai saye.

Masu waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne. Tare muke sahu da su, wasu ma tare muke zaman zikiri. Kuma kada wani ya ɗauka abin ƙarami ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da laifuffuka da miyagun ƙwayoyi, sun fitar da rahoto a 2017 wanda ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan da suka yi hulɗa da jami'in gwamnati a Nijeriya cikin shekara guda, ko dai ya ba da cin hanci ko an nemi ya bayar. Rahotonsu na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an ba da cin hanci kimanin sau miliyan 87, kuɗin da ya kai wajen naira biliyan 721. Wannan lissafi galibinsa na hulɗar yau da kullum ne: na goro a shingen hanya, ɗan abin shan ruwa a ofis, ihsani ga mai neman fayil. Mun raɗa wa abin sunaye masu daɗi don kada zuciya ta ƙyamace shi, amma kowane ɗaya daga cikin miliyoyin nan yana da hannun da ya miƙa, kamar yadda yake da hannun da ya karɓa. Da yayyafi kogi kan cika.

Doka ba ta yi ƙaranci ba

Wani zai ce ai rashin doka ne. Ina ganin ba haka ba ne. An kafa hukumar ICPC a 2000, hukumar EFCC ta fara aiki a 2003. Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, jihohin Arewa suka bi har suka kai 12, Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Da yawa daga cikinmu mun fita da kabbara a waɗancan ranaku. Bayan fiye da shekara 20, kowa ya tambayi kansa: mudunmu ya cika? Alƙali yana hukunci ne a kan abin da aka kawo gabansa da shaidu, ɗan sanda da ɗan Hisba suna kama wanda idonsu ya gani. Abin da ake yi a bayan kanta, da cikin ɗaki, da cikin zuciya, ya fi ƙarfinsu.

Kuma cutar tsohuwa ce. Alƙur'ani Mai girma ya ba mu labarin mutanen Madyana da aka halaka bayan Annabi Shu'aibu (A.S) ya yi ta yi musu gargaɗi a kan tauye awo, kuma akwai sura guda da aka buɗe ta da narkon azaba ga masu tauye mudu. Shugaba (S.A.W) da kansa ya taɓa cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya yi wa mai shi faɗa, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda shi ma Baƙadire ne, ya lissafa zaluncin zamaninsa a cikin Kitabul Farƙ, har ya ambaci wasu da sunayensu na Hausa, irin su gaisuwa da ake kai wa masu iko. Ƙaninsa Shehu Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a tun jihadi bai ƙare ba, sai ya kama hanyar gabas a 1807, har ya iso Kano, inda ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami. Idan har hakan ta faru a zamanin waɗannan bayin Allah, to mu wane ne da za mu amince wa kawunanmu?

Ban manta da talauci ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 magidanta suka shiga ƙuncin da Allah kaɗai Ya san iyakarsa, kuma Sayyidina Umar (R.A) bai zartar da haddin sata ba a shekarar yunwa. Wanda yunwa ta kai shi bango, hukuncinsa daban ne, kuma alhakinsa yana wuyan shugabanni da mawadatan da suka ƙoshi suka bar shi. Amma mu ji tsoron Allah, mai ɓoye hatsi a sito yana jiran tsada ba yunwa ce ta sa shi ba, haka ma mai danne gado, haka mai saya wa ɗansa amsa.

Darasi daga Shehu

Malaman manaƙibi sun ruwaito cewa lokacin da Shehu Abdulƙadir zai bar Jilan zuwa Bagadaza neman ilimi a shekara ta 488 bayan Hijira, yana ɗan shekara 18, mahaifiyarsa ta ɗinke masa dinari 40 a cikin rigarsa, a ƙarƙashin hammata, ta kuma ɗauki alkawari daga gare shi cewa zai riƙe gaskiya a kowane hali. Bayan ayarinsu ya wuce Hamadan sai 'yan fashi suka far musu suka kwashe dukiya. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi wannan saurayi mai kama da matalauci ko yana da wani abu. Ya ce yana da dinari 40, ya kuma faɗi inda suke. Ɗan fashin ya ɗauka ba'a ce ya wuce. Da labari ya kai ga shugabansu sai ya sa aka kawo shi, aka farke rigar, aka sami kuɗin daidai yadda ya faɗa. Ya tambaye shi abin da ya sa ya tona asirin kansa. Shehu ya ce alkawari ya yi wa mahaifiyarsa, ba zai ci amanarsa ba. Sai mutumin ya fashe da kuka, yana cewa wannan yaro ya ƙi saɓa alkawarin uwa, shi kuwa shekara da shekaru yana saɓa alkawarin Ubangijinsa. Nan take ya tuba, mutanensa suka tuba, aka mayar wa 'yan ayari kayansu.

'Yan'uwa, mu lura da abu biyu. Na farko, Shehu yana da uzurin da zai yi shiru, domin kuɗin halalinsa ne, masu tambayar kuma azzalumai ne, babu wanda zai zarge shi. Duk da haka bai nemi kafar kuɓuta ba. Na biyu, bai yi wa 'yan fashin nan wa'azi ba, kuma ba shi da takobi. Abin da ya karya zukatansu shi ne sun ga mutum ɗaya mai gaskiya a lokacin da gaskiyar za ta ci masa dukiya. Ina jin tsoron cewa yaran da muke kira 'yan daba sun daɗe ba su ga irin wannan a wurinmu ba. Yaron da ya tashi yana kallon mahaifinsa yana haɗa wayar sata, yana jin sa yana rantsuwar ƙarya a shago, da wane baki za a ce masa sata haramun ce?

Akwai kuma labarin 'yar'uwar Bishrul Hafi, wadda ta je wurin Imamu Ahmadu bin Hambal tana tambaya. Ta ce suna kaɗi da dare a kan soro, sai fitilun dakarun hukuma su wuce haskensu ya faɗo musu, shin ya halatta su yi kaɗi da wannan haske? Da Imam ya ji ko ita wace ce sai ya yi kuka, ya ce daga gidansu tsantseni yake fitowa, ya umarce ta da kada ta yi. Baiwar Allah tana tuhumar kanta a kan hasken da ya ratso ta ba da nemanta ba. Mu kuwa muna jan carbi a ƙarƙashin ƙwan da muka san ba mu biya kuɗin wutarsa ba.

Abin da ɗariƙa take nema daga gare mu

Shehunanmu sun karantar da mu cewa babu ɗariƙa sai a kan shari'a, kuma farkon matakin mai suluki shi ne tuba. Tuba tana da sharuɗɗa uku: barin laifin, nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan laifin ya shafi haƙƙin wani sai a ƙara na huɗu, wato mayar da haƙƙin ga mai shi ko neman yafewarsa. Wuridi ba ya biyan bashi, zikiri ba ya mayar da iyakar gona. Manzon Allah (S.A.W) ya siffanta mana matsiyacin gaskiya da mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare, sannan a ɗora masa zunubansu. Ya kuma ba mu misalin matafiyi mai ɗaga hannu sama yana roƙo, alhali cinsa da shansa da tufarsa haramun ne, ya nuna nisan amsa addu'arsa. Wannan ya isa ya sa mu tsaya mu yi tunani a kan addu'o'in zaman lafiya da muke ta yi.

Saboda haka ina ba kaina da ku shawara da abubuwa huɗu. Kowane muridi ya ware ɗan lokaci bayan wuridinsa na dare ya yi wa kansa hisabi a kan abin da ya shiga aljihunsa a wannan yini, ta ina ya shigo. Duk wanda yake riƙe da haƙƙin wani, gado ne ko bashi ko amana, ya fara sauke shi kafin taron baɗi, ko da kaɗan kaɗan ne. Mu yi alkawari ba za mu sayi kayan da muke shakkar asalinsa ba, komai arharsa. Sannan ina roƙon iyayena muƙaddamai, idan za su ba da wuridi su riƙa tambayar muridi sana'arsa, su karantar da shi hukuncin ciniki da awo da ijara, kamar yadda suke karantar da shi alwala. Burinmu shi ne ranar da za a ce a kasuwa, je ka wurin wane, ɗan ɗariƙa ne, ba sai ka sake awo ba.

Allah Ya ba mu ikon tuba ta gaskiya, Ya tsarkake cinmu da shanmu, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan shehunanmu da iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa Maulana Halifa lafiya da nisan kwana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya maimaita mana, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafarar Allah da afuwarku.