Sunan Wa Za Mu Sa? Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Shekara

 

Kamar yadda kuka sani, an ɗora mana nauyin kawo shawara kan masanin da za a sa wa ɗakin gwajin kimiyyar da ƙungiya ta gina a makarantar sakandaren garinmu sunansa. Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne, a zaɓi wanda ya fi kowa ba da gudummawa ga tarihin kimiyya. Mun ɗauka zama ɗaya zai wadatar, ashe da sauran rina a kaba.

Injiniyoyin cikinmu suka tsaya kai da fata a kan Isaac Newton na Ingila, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A littafinsa Principia na 1687 ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne yake riƙe wata a kan tafarkinsa, ya kuma ba da ƙa'idoji uku na motsi waɗanda har yau da su ake lissafin gada da dam. Sai da aka shafe fiye da shekara 200 kafin Albert Einstein ya nuna iyakarsu a 1905 da 1915.

Likitocinmu kuwa suka ce a auna da rayuka. Suka kawo Edward Jenner, wanda ya gwada rigakafin agana a 1796. Wannan magana ta taɓa mu, domin akwai dattawa a wannan zaure da suka ga ɓarnar agana da idonsu, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Wani malamin lissafi ya tuna mana da Alkhawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, da kuma Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ɗan Katsina da ya yi rubutu kan hatimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mun ji daɗin tunawa da shi, sai dai ba kishin gida aka ce mu auna da shi ba.

A ƙarshe rinjaye ya koma ga Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin zamaninsa, manyan masana irin su Iƙlidis da Baɗalimusa sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. A cikin Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Amma ba sakamakon ne ya ja hankalinmu ba, hanyar ce. Ya jera fitilu a gaban wata 'yar ƙaramar kafa da ke buɗewa cikin ɗaki mai duhu, sai hasken kowace fitila ya bayyana daban a bango. In ya rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa. In ya buɗe, ya dawo. Ya kuma bayyana yadda za a haɗa kayan gwajin dalla-dalla, domin duk mai shakka ya maimaita da hannunsa. Bai tsaya nan ba, har littafi guda ya rubuta kan shakkunsa game da Baɗalimusa, mutumin da aka yi ƙarnuka ana jin nauyin yi masa gyara.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Kuma dole mu faɗi gaskiya, shi ma ya yi kuskure, domin ya zaci a ƙwayar gaban ido gani yake faruwa. Johannes Kepler ne ya gyara wannan a 1604, ya nuna cewa sura a bayan ido take sauka, kuma a kife. To amma a kan tubalin da Ibnul Haisam ya aza Kepler ya yi gininsa, kuma aikin Kepler kan tafiyar duniyoyin da ke kewaya rana na cikin abin da Newton ya dogara da shi.

Wasu daga cikinmu sun ji tsoron kada a ce mun zaɓe shi ne don Musulmi ne. Amsarmu ita ce, Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ware 2015 a matsayin shekarar haske, kuma cikar aikinsa shekara 1000 na cikin abubuwan da aka yi bikinsu. Duk da haka injiniyoyinmu ba su janye ba, kuma mun rubuta ra'ayinsu a rahoto kamar yadda suka nema.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro sunan Ibnul Haisam, tare da roƙo guda. Ɗakin nan har yanzu bango ne da benci. Babu madubin ƙara girma, babu ma'auni, babu sinadarai. Abin kunya ne mu rubuta sunan mai gwaji a ƙofar ɗakin da yaranmu za su ci gaba da haddace gwaji daga allo. Jerin kayan da ake buƙata da farashinsu yana hannun ma'aji, kuma muna fata kowane reshe zai ɗauki kasonsa kafin mu watse.