Ƙwayoyin Cuta da Haihuwar Bakwaini



Da wuya a sami wani a cikinmu da bai taɓa jin an ce wance ta haifi bakwaini ba. Galibi sai mu ce haka Allah Ya ƙaddara, mu yi shiru. Gaskiya ne, amma Allah Ya sanya wa kowane abu dalili, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin da zan yi magana a kansa yau.

A wurin likitoci, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, kuma Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan. A 2019 kuwa yara wajen 900,000 ne suka rasu saboda wahalhalun da ke biyo bayan irin wannan haihuwa.

To, ina ruwan ƙwayoyin cuta da wannan? Jariri yana kwance cikin ruwa, tantani ya lulluɓe shi. Idan ƙwayoyin bakteriya suka hau daga gaban mace zuwa mahaifa, sai jiki ya tashi yaƙar su, wurin ya kumbura. Sinadaran da jiki ke fitarwa a wannan yaƙi suna raunana tantanin, suna sassauta bakin mahaifa, suna kuma sa ta murɗawa. Sai faya ta fashe, naƙuda ta zo tun lokaci bai yi ba, alhali huhun jariri bai gama ƙwari ba.

Mafi ha'inci ita ce cutar mafitsara, wadda yawanci ƙwayar E. coli ke kawowa. Mace tana iya ɗauke da ita ba zafi ba zazzaɓi. Tun wajen 1960 wani likita a Boston ta Amurka, Edward Kass, ya nuna cewa idan aka bar ta takan haura zuwa ƙoda. Awon fitsari ke tona asirinta, kuma maganin kwana 7 yakan kashe ta. Sai tunjere, wanda kan kashe jariri a ciki ko ya fito da shi da wuri. Awon jini ke nuna shi, allurar fenisilin ke warkar da shi. Akwai kuma ciwon sanyi. Waɗannan biyun na ƙarshe, idan an yi wa mace magani aka ƙyale mijinta, aikin banza aka yi.

Jama'a, mu dubi gida. Jihar Jigawa tana nan tun 1991. Kafin Hausa tana da babban asibiti, tana da jami'a tun 2013. A Dutse akwai asibitin Rasheed Shekoni, a Jahun kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin haihuwa tun 2008. Amma asibiti ba ya zuwa ɗakin mace. Kunyar cikin fari takan sa a ɓoye shi har ya tsufa. Wata tana jiran izinin maigida, wata kuɗin mota. Wata kuwa sai a sayo mata kafso a kemis, alhali irin su tetarasaikilin suna ɓata haƙoran jariri.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Na ɗaya, matanku da yayyenku da ƙannenku su fara zuwa awo da wuri. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ita ce sau 8, na farko cikin mako 12. Na biyu, ku tambaya ko an auna fitsari da jini, kada a tsaya ga shafa ciki kawai. Na uku, in kun ga zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko zubar ruwa, ko ciwon mara kafin watan haihuwa, kada a kwana a gida. Akwai allurar da ke taimaka wa huhun jariri idan an isa da wuri.

Iyayenmu a ƙauye sun tura mu karatu don mu komo musu da abin da zai amfane su. In kun je hutu, ku zauna da su ku yi musu wannan bayani.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa, amin.